Mene ne riƙon aminci ga Almasihu? Tambayar da Kiristan Kaduna ba zai kauce mata ba

A Kaduna ba a shan wahalar gane Kirista, ko kuwa haka muke ɗauka. Faɗi sunanka da unguwarku, an gama karanta ka. In sunanka Bulus ko Istifanus ko Rifkatu, kana kwana a Sabon Tasha, Narayi, Television ko Unguwan Romi, ba mai sake tambayarka inda kake zuwa ranar Lahadi. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 garin ya dare gida biyu, kogin Kaduna ya zama kan iyaka. Akasarin Kiristoci suka kwashe kayansu suka koma kudancin gada, akasarin Musulmi suka koma arewacinta. Yaran da aka haifa bayan nan sun buɗe ido sun tarar addini yana tafiya tare da adireshi, da ƙabila, da jam'iyyar da gidansu ke zaɓa.

Shi ya sa tambayar nan ta fi nauyi a garinmu. Mutum zai iya zama Kirista a takarda, Kirista a layin zaɓe, ranar faɗa ma ya fito da sanda wai yana kare addini, alhali bai taɓa bin Yesu ba ko na yini guda. Ba ni na faɗa ba. A Matiyu 7:21 Ubangiji da kansa ya ce ba duk mai ce masa "Ubangiji, Ubangiji" ne zai shiga Mulkin Sama ba, sai wanda ya aikata nufin Ubansa. Abin da ke tayar mini da hankali a wurin shi ne, mutanen da yake magana a kansu ba baƙin masujada ba ne. Masu annabci ne, masu fitar da aljanu, masu yin al'ajibai da sunansa. To in waɗannan duka ba su isa shaida ba, da me za a gane mai bi na gaskiya?

Sai an fara daga tushe. Bangaskiyar Kirista tana da abin da ta ƙunsa, ba tsumar jiki ba ce kawai lokacin da mawaƙa suka ɗauki amshi. Abin da ikilisiya ta riƙe tun zamanin manzanni, wanda shugabanninta suka tsara a taron Nisiya a shekara ta 325 suka kuma ƙarasa a 381, shi ne: Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki; Yesu Almasihu ya zama mutum, aka gicciye shi a zamanin Bilatus saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku, zai kuma dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Ɗan Katolika da ɗan Angilika, ɗan ECWA da ɗan Baptis da ɗan HEKAN, a kan wannan bakinsu ɗaya. Amma haddace shi bai wadatar ba, domin Yaƙub ya ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Abin da ake nema shi ne mutum ya tuba, ya ɗora nauyin rayuwarsa da lahirarsa a kan Almasihu, ya daina dogara da kirkinsa, ko da laya, ko da wani babba da ya sani a gidan gwamnati.

Nan ne tsohuwar gardamar bangaskiya da ayyuka take shigowa. Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya. Yaƙub kuma ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Wannan batu yana cikin abubuwan da suka raba ikilisiyar Turai tun daga 1517, lokacin Martin Luther, sai a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu a kan matsaya guda a garin Augsburg na Jamus: ceto kyauta ce ta Allah, kyautar kuwa tana haifar da ayyuka nagari. Wanda ya karanta Afisawa 2 har aya ta 10 zai ga Bulus ya riga ya faɗi haka. Jerin abin ne ya kamata a riƙe. Allah ne ya fara cika alkawari, amincin mai bi amsa ce yake mayarwa, ba kuɗin sayen ceto ba ne.

Yanzu bari mu sauko ƙasa, domin a nan ne maganar take da zafi.

Yesu ya ce a Luka 16:10 wanda yake da aminci a ƙaramin abu, mai aminci ne a babba. Shiga kasuwar hatsi lokacin da masara ta yi tsada, ka tsaya gefe ka lura. Akwai mai sayarwa da ke da mudu biyu a ƙarƙashin tebur: babba na sayen kaya daga hannun manomi, da wani wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, na auna wa mai saye. Kusa da ita akwai wata mama da mudunta ɗaya ne tal, tana cika shi ya yi tozo, ta ƙara ɗan gyara da hannu, kuma in buhun ya sha ƙwari takan faɗa tun kafin ka tambaya. Ribarta ba ta kai ta maƙwabciyarta ba, ta kuma san haka. Mai yiwuwa dukansu biyu suna ɗaura zanen Zumuntar Mata iri ɗaya, suna rera waƙa ɗaya. Littafin Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ya ambaci wannan abu ƙarara, ya hana mutum ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Wannan doka ta fi shekara dubu biyu a rubuce, amma sai ka rantse a kasuwarmu aka zauna aka rubuta ta.

Kaduna garin ma'aikatan gwamnati ne da sojoji, don haka Luka sura ta 3 ta shafe mu kai tsaye. Masu karɓar haraji sun tambayi Yahaya Mai Baftisma me za su yi, ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji suka tambaya, ya ce kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Bai ce su bar aikin ba, bai kuma ce su ƙara yawan azumi ba. Ma'aikacin da fayil ɗin gwauruwa ke kwana wata da watanni a teburinsa sai ta "ga" shi, ɗan sandan da ke miƙa hannu a shingen hanya, malamar da ke rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa, da iyayen da suka biya kuɗin hakan sannan suka zo gaban ikilisiya da ambulan na godiya domin yaro ya ci, duka a nan ake auna bangaskiyarsu. Na san albashi ba ya kai wata, na san mai riƙe gaskiya a ofis yakan zama saniyar ware, wani lokaci a yi masa canjin wurin aiki na mugunta. Wannan tsadar ita ce abin da Yesu ya kira ɗaukar gicciye kowace rana, kuma yawancinmu irin gicciyen da za a miƙa mana ke nan, ba bakin bindiga ba.

Laifin bai tsaya kan 'yan ikilisiya kaɗai ba. Ranar tara kuɗin gini, wa ake kai wa kujerar gaba? Wanda ya yi alkawarin miliyoyi, ko da kowa a unguwa ya san albashinsa ba zai haifi wannan kuɗi ba. Ba mai tambaya, sai tafi. Yaƙub 2 ya kwatanta wannan daidai: mai zoben zinariya a ba shi wuri mai kyau, matalauci a ce ya tsaya can. Baba Fasto da dattawa, ina faɗin wannan da ladabi, amma in muka koya wa jama'a cewa zakka da baiko su ne ma'aunin ruhaniya, muka yi shiru a kan inda kuɗin ya fito, mun faɗa cikin abin da Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Matiyu 23:23, fitar da zakkar ganyen miya tare da watsar da adalci da jinƙai da aminci.

Akwai wata koyarwa da ta cika gari, a fosta da lasifika da wayoyinmu, wadda ke cewa mai bangaskiya ba ya talauci, ba ya ciwo, ba ya jinkirin aure, in kuwa abin ya same shi to bangaskiyarsa ce ta gaza ko bai shuka iri mai kauri ba, wato bai ba da kuɗi mai tsoka a masujada ba. Ban ƙi addu'ar neman buɗi ba, Yesu da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Amma wannan koyarwa ba za ta iya tsayawa a gaban abin da jihar nan ta gani ba. Ranar 5 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun suka tafi da ɗalibai 121. Iyaye suka zauna a harabar makarantar suna kuka suna addu'a. An sako yaran kashi-kashi, na ƙarshensu sai a 2023 ya dawo gida. Wa zai iya duban uwar da ɗanta ya fi daɗewa a daji ya ce mata bangaskiyarta ce ba ta kai ta sauran ba? A Janairun 2020 an sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, kan hanyar Abuja. Uku suka dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka samu. Addu'a ɗaya aka yi wa su huɗun.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A Daniyel sura ta 3 samari uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, sannan suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. A ganina duk ma'anar aminci tana cikin wannan "ko da". Ibraniyawa 11, surar da ake kira ta jaruman bangaskiya, ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki, sai kuma ba tare da ta sauya murya ba ta lissafa waɗanda aka jejjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiya. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Tarihin ikilisiyar ƙasar nan ma haka ya fara. A Disamban 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, nan ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, ba su kafa ko masujada ɗaya ba. In da ma'aunin masu wa'azin arziki za a bi, sun yi asara. Daga wannan aiki ne ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga cikinta kuma ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Haka Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika, ya yi shekaru a Zariya yana ganin masu tuba ɗaiɗai, amma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wanda Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da Adara suka samu harshe guda na sujada ta dalilinsa.

Sunayen da muke yawan ambata a yau, Leah Sharibu da aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018 aka riƙe ta bayan an sako sauran saboda ta ƙi barin bangaskiyarta, da Rabaran Lawan Andimi na Michika da aka kashe a Janairun 2020, sun cancanci a tuna da su. Abin da nake tsoro kawai shi ne mu mayar da su tutar fushi, mu manta cewa abin da suka riƙe shi ne Almasihun da ya yi wa masu gicciye shi addu'a.

Wannan ya kawo mu wuri mafi wuya. "Ku ƙaunaci maƙiyanku, ku yi wa masu tsananta muku addu'a," in ji Matiyu 5:44. A wata ƙasa wannan ayar ado ce a bango. A Kaduna kuwa ana karanta ta ga mutumin da aka ƙone ƙauyensu, ga matar da ta binne miji da 'ya'ya a kabari ɗaya. Ka ji matasa suna cewa mun juya kuncin dama, mun juya na hagu, ba mu da na uku. Ban raina wannan zafin ba, kuma duk wanda bai taɓa kwana a daji da yara saboda tsoron hari ba ya yi hattara da yadda yake wa'azin haƙuri. Kiristoci sun daɗe da saɓani a kan kare kai. Ikilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami, wasu kuma suna ganin tsare iyali da ƙauye haƙƙi ne. Ni ina ganin mutum ya tsare ƙofar gidansa, ya nemi hukuma ta yi aikinta, ya ɗaga murya a kan zalunci, duk wannan bai saɓa wa bishara ba. Bulus ma ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Amma tsare gida daban, ramuwa daban. Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, kamar yadda aka ƙona majami'u aka kashe Kiristoci a garuruwan arewa, haka aka kashe Musulmi masu yawa a Zonkwa da kewayenta. A Yunin 2012, bayan an tayar da bama-bamai a majami'u a Zariya da Kaduna, an tare hanya an kashe matafiyan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda ya tare mota ya fito da mai shayi ko ɗan acaɓa ya kashe shi saboda sunansa, kisan kai ya yi, gicciyen da ke wuyansa bai sauya komai ba. Romawa 12:19-21 ba ta bar ƙofa ba: kada ku rama, ramuwa ta Ubangiji ce, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci. Kuma yawancin Musulmin da muke haɗuwa da su a kasuwa da ofis da asibiti ba maƙiya ba ne ma, maƙwabta ne, da yawansu 'yan bindigar nan sun cuce su kamar yadda suka cuce mu. A Yunin 2018 wani limami a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa. Duk mai karanta misalin Basamariye mai kirki a Luka 10 ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan dattijo.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin addini na 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin guda, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. A 1995 suka fara aiki tare a nan Kaduna, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya ɗauki shekaru yana aiki da Ashafa alhali ƙiyayyar ba ta bar zuciyarsa ba. Wannan ɓangaren labarin ne ya fi amfani a gare mu, domin ya nuna gafara aiki ce da ake farawa da biyayya tun zuciya ba ta yarda ba. Bai kuma bar bangaskiyarsa ba don ya zauna da limami, ya ci gaba da zama fasto.

A cikin gida ma akwai gyara. Muna kukan ana nuna mana bambanci, amma lokacin zaɓen dattawa ko ɗaukar sabon fasto sai ka ji ana raɗa, "ɗan wace ƙabila ne?" Bahaushe ko Bafulatanin da ya karɓi bishara, ya rasa gida da dangi saboda ita, yakan zo masujada a riƙa kallonsa kamar ɗan leƙen asiri. Galatiyawa 3:28 ta ce ba Bayahude ko Baheleni a cikin Almasihu, 1 Yahaya 4:20 kuma ta ce wanda ya ce yana ƙaunar Allah amma yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci ne. Inda na fi ganin an riƙe wannan shi ne wurin matan zumunta. Ranar da aka yi rasuwa, tun kafin gari ya waye sun iso da itace da manyan tukwane, wasu na hura wuta, wasu sun kewaye mai takaba a tabarma suna rera waƙa a hankali, wata ta ɗauki jaririn gidan ta goya. Ba wanda ya tambayi yaren mamacin. Bayan mako biyu, lokacin da baƙi suka watse gidan ya yi tsit, su ne za ka ga sun dawo da kwanon masara da sabulu.

Saura abu ɗaya, kuma in an bar shi duk abin da na faɗa zai zama kaya mai nauyi a kan mutane. Mai aminci ba wanda bai taɓa faɗuwa ba ne, ba kuma wanda bai taɓa shakka ba. Mahaifin yaron nan mai aljani a Markus 9:24 ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa bai kore shi ba. Toma ya ce sai ya gani kafin ya yarda Yesu ya tashi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, ya fita ya yi kuka mai zafi, bayan tashin Yesu daga matattu kuma shi aka damƙa wa kiwon tumaki. Bambancinsa da Yahuza shi ne ya dawo. Wanda ya daina zuwa sujada don kunyar abin da ya aikata, ko wadda ta gaji da addu'a tun ranar da aka kashe mijinta, ba su fita daga lissafi ba, 2 Timoti 2:13 ta ce ko mun kasa riƙe aminci, shi yana nan da amincinsa.

Wannan ya kamata ya shafi yadda muke yin horo a ikilisiya. Horo yana da tushe a Matiyu 18, manufarsa kuwa a maido da ɗan'uwa ne. Amma a aikace wa muke gani a bencin baya? Yarinyar da ciki ya tona, ita kaɗai, an hana ta jibin Ubangiji, idon kowa a kanta, saurayin kuwa yana cikin mawaƙa, wanda ya cinye kuɗin gini yana nan a kujerarsa. Dattawan da suka sa ta a bencin su ne ya kamata su fara zuwa gidansu ranar Litinin su tambayi lafiyarta da ta cikin, su sa mata ranar da za a karɓe ta a gaban jama'a kamar yadda aka sanar da horonta a gaban jama'a, su kuma kira sauran biyun su amsa nasu laifin.